YAJIN 'YAN WASAN KWAIKWAYO A AMURKA, 1919

Kowa ya san yaji. In mace ta ga zaman gidan miji ya ƙi daɗi, sai ta ɗaure 'yan komatsanta ta tafi gidan iyayenta, ta zauna can har a zo biko. Ba sakinta aka yi ba, ita kuma ba ta ce ta bar auren ba, so ta ke yi a gyara zama. Daga nan ne aka ari kalmar aka ba ma'aikata, in sun ajiye aiki gaba ɗaya don a dubi kukansu, sai a ce sun yi yajin aiki.

To, a nan za mu ba da labarin wani yaji da aka yi a birnin Niyu Yok na ƙasar Amurka cikin shekarar 1919. Masu yajin nan 'yan wasan kwaikwayo ne, watau mutanen da sana'arsu ke nan su hau dakali su ba jama'a dariya, ko su sa su kuka. Za mu duba abin da ya fid da su, da yadda suka rayu kwana 30 ba albashi, da yadda aka yi biko suka koma, da kuma abin da kowa ya tarar bayan komawa.

Yadda Sana'ar Ta Ke

Gidan wasan kwaikwayo a ƙasashen Turawa babban ɗaki ne mai kujeru jere, wani ya kan ci mutum dubu ko fi. A gaba akwai dakali mai faɗi, da labule wanda a ke ɗagawa in za a fara wasa. Mai son kallo ya sayi tikiti ya shiga. A Niyu Yok yawancin gidajen nan suna kewayen wani dogon titi da a ke kira Burodwe, har sunan titin ya zama sunan sana'ar duka. A zamanin da mu ke magana sinima ba ta fara magana ba tukuna, gidajen rediyo kuma ba su kafu ba, saboda haka gidan wasa shi ne babban wurin shaƙatawar mutanen birni.

Mai shirya wasa, wanda a ke kira manaja, shi ke neman gida, ya ɗauki 'yan wasa, ya sayi kaya, in riba ta zo ya kwashe. In wasa ya gama cin kasuwarsa a Niyu Yok, sai a zuba 'yan wasa da kayansu cikin jirgin ƙasa a yi ta zaga garuruwa. Cikin 1896 waɗansu attajirai shida suka haɗa kai suka kame yawancin manyan gidajen wasa na ƙasar. Daga baya waɗansu 'yan'uwa masu suna Shubert suka taso suka yi gasa da su, har suka fi su ƙarfi. Da wannan da wancan duk ɗaya ne ga ɗan wasa, gama in ya saɓa wa manaja guda, ƙofofi da yawa ne za su rufe masa.

Mai kallo ya kan ga ɗan wasa cikin tufafin sarauta, fitilu na haska shi, sai ya zaci yana cikin daula. Ga yadda abin ya ke a bayan labule. Kafin a nuna wasa sai an yi ta gwaji, kowa ya hardace maganarsa da tsayuwarsa. Gwajin nan ba a biyan ko anini a kansa, ba shi kuma da iyaka. A kan yi mako shida ko takwas, in wasan mai waƙa da rawa ne har ya wuce goma. In aka buɗe wasa jama'a ba su so shi ba, aka rufe bayan kwana huɗu, to, ladan kwana huɗun nan shi ke nan abin da mutum zai samu na wahalar wata biyu. Tufafin da za a sa a dakali sau da yawa ɗan wasa ke saye da kuɗinsa, abin ya fi tsanani ga mata, don su ba a yarda su fito da tsohuwar riga. A makon da ke gaban Kirsimeti da wanda ke gaban Ista, a kan raba albashi biyu a ba da rabi, wai kasuwa ba ta ci. In manaja ya ƙara wasa ranar hutu, shi ke cin ƙarin. Mafi muni duka, in wasa ya karye a wani gari mai nisa, wani manajan ya kan sulale da dare, ya bar mutanensa ba kuɗin masauki, ba kuɗin jirgin komawa gida.

Rawanin Tsiya

Mai karatu zai ce, to, me ya hana su haɗa kai tun da wuri? Abu biyu ne. Na fari tsoro. Cikin 1917 wata ƙungiya ta masu wasan barkwanci ta yi yaji, aka murƙushe ta, aka rubuta sunayen mutanenta aka hana su aiki. Na biyu kuwa girman kai. 'Yan wasa suna ganin su masu fasaha ne, bai kamata a jera su da kafinta ko mai jan keken kaya ba. Ko wane ƙaramin ɗan wasa yana mafarkin gobe shi ne tauraro, me zai kai shi ɓata wa manaja rai yau? Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya. Rawanin nan kuwa sun daɗe suna naɗa shi da yunwa a ciki.

Duk da haka, ran 26 ga Mayu 1913, 'yan wasa 112 suka taru a wani otal a Niyu Yok suka kafa ƙungiya. Suka sa mata suna Ekwiti, ma'anar kalmar ita ce adalci. Suka zaɓi wani dattijon ɗan wasa, Francis Wilson, ya zama shugaba. Shekara huɗu suna lallashi, har cikin 1917 manajoji suka yarda da wata takardar sharaɗi wadda za a riƙa ɗaukar kowa a kanta. Amma yarda ce ta baki. Yawancinsu suka jefa takardar cikin akwati suka ci gaba da halinsu, don sun san ƙungiyar ba ta da sandan duka.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare, tsadar kaya ta hau, shekarar 1919 ta zama shekarar yaje-yaje a Amurka, ma'aikata wajen miliyan 4 suka ajiye aiki a sana'o'i dabam dabam. Manajoji suka kafa sabuwar ƙungiyarsu, Sam Harris ya shugabance ta. Ekwiti ta nemi a tsai da wasa takwas a mako, abin da ya ɗaru a biya, ta kuma ce in an ƙi, a kai maganar gaban masu raba gardama. Manajoji suka ƙi duka biyu. Tura ta kai bango. Cikin watan Yuli Ekwiti ta tuɓe rawani, ta shiga babbar tarayyar ma'aikatan Amurka wadda Samuel Gompers ke shugabanta, ta zauna inuwa ɗaya da kafintoci da magina. A ƙarshen watan ta gwada ƙarfinta, ta umarci mutanenta su bar gwajin wani wasa guda, sai 'yan kaɗan suka fita. Manajoji suka yi dariya, suka ce ai ga ƙarfin nasu ke nan.

Daren da Labule Ya Ƙi Ɗaguwa

Ran 7 ga Agusta 1919 'yan ƙungiya suka cika wani babban zaure a Otal Astor, suka yanke shawara ba wanda zai sake yi wa ƙungiyar manajoji wasa sai ta amince da Ekwiti. Da magariba ta yi, 'yan kallo sun zo sun zauna, sai aka fito aka ba su haƙuri, aka ce su je ƙofa su karɓi kuɗinsu. A daren nan kaɗai wasa 12 suka tsaya.

Cikin waɗanda suka fara fita akwai wani mutum, Frank Bacon, wanda labarinsa ya isa a tsaya a kai. Ya yi shekaru da yawa yana ƙananan wasanni a garuruwa ba wanda ya san shi, sai da ya ba hamsin baya sa'an nan arziki ya zo. Da hannunsa aka rubuta wani wasa mai suna Lightnin', watau walƙiya, laƙabi ne na ba'a da aka sa wa wani tsoho mai nawa, shi ne kuma ke fitowa a tsohon. Wasan ya yi shekara guda gida na cika. Bacon yana da rabo cikin ribar, saboda haka ko wane dare aka rufe, aljihunsa ne ke zuba. Shi ba a zalunce shi ba, amma ya tuna shekarun da ya yi cikin wahala, ya ja mutanensa suka fita.

Manajoji suka tashi da faɗa. Gidan Shubert suka kai ƙara kotu suna neman diyyar dala 500,000, suka jera sunayen 'yan wasa ɗaya ɗaya, don kowa ya ji tsoron a kame gidansa da ajiyarsa. Waɗansu suka samo takardar alƙali mai hana 'yan wasansu fita. Aka ɗauko sababbin mutane a cika gurbi, har wani manajan ya shafa hoda ya hau dakali da kansa.

Wanda ya fi kowa zafi shi ne George M. Cohan. Mutumin nan a dakali ya girma tun yana yaro, ya iya rawa, ya iya waƙa, ya iya rubuta wasa, ga shi kuma ya zama manaja, abokin cinikin Sam Harris. An san shi da kyauta ga 'yan wasan da suka tagayyara, don haka ya ɗauki yajin nan kamar butulci aka yi masa. Aka kafa wata ƙungiyar kishiya ta 'yan wasan da ba su yarda da yaji ba, ya zama shugabanta, ya yi alkawarin ba ta dala 100,000. Ya kuma ce in Ekwiti ta ci nasara, gara ya bar sana'ar ya koma tuƙa na'urar hawa bene. Masu yaji ba su yi fushi ba, sai suka rataya allo suna cigiyar mai tuƙa na'urar hawa bene, suka rubuta cewa an fi son Cohan.

Nan fa asirin rigimar ya fito fili. Manajoji suka ba ƙungiyar Cohan sharuɗɗa masu kyau, waɗansu har sun fi abin da Ekwiti ta roƙa tun farko. Ashe kuɗin ba su ne suka dame su ba. Abin da ba su so shi ne a ce ɗan wasa yana da wata ƙungiya mai ƙarfi a bayansa wadda za ta tilasta a cika alkawari. Masu yaji kuwa sun riga sun ga takardar 1917, sun san abin da alkawari ke zama in ba mai tsaronsa. Suka ƙi.

Abin da Suka Ci

Ran da aka fara yaji, 'yan ƙungiya wajen 2,700 ne, abin da ke cikin baitulmalinta kuwa dala 13,500 ne. In an raba, ko wane mutum dala biyar ke nan. Yawancinsu kuma sun fito daga hutun bazara, lokacin da aiki ke ƙaranci, aljihu ya riga ya bushe. To, da me suka rayu?

Da fari, da sana'arsu. Suka ce tun da manaja ke da gida amma su ke da wasa, me zai hana su yi wasan don kansu? Suka yi hayar wani babban gida a titin Lexington wanda ba ya hannun manajojin nan, suka buɗe ran 18 ga Agusta. Taurarin da dā ba mai iya biyansu su taru a dakali guda, ga su sun taru kyauta. Ethel Barrymore, wadda ta fito daga gidan da ya gaji wasa kaka da kakanni, ta fito tare da wanta Lionel. Shigarta yaji ta kashe bakin masu cewa abin na ƙananan mutane ne. W. C. Fields da Eddie Cantor suka ba da dariya. Wani mai barkwanci, Ed Wynn, alƙali ya hana shi hawa dakalin kowa sai na manajansa. Da aka zo kansa, sai ya miƙe daga cikin 'yan kallo, ya ce an hana shi hawa dakali, amma ga abin da zai yi da an bar shi, ya kwashe wasansa duka ya yi a tsakanin kujeru. Gida ya yi ta cika dare bayan dare, kuɗin ƙofa na shiga asusun masu yaji, ana taimakon wanda ba shi da abinci ko kuɗin ɗaki.

Na biyu, da jama'ar gari. Ɗan wasa ya san yadda a ke jan hankalin mutane, sai suka mayad da titi ya zama dakali. Suka tsaya ƙofar gidajen da ba su rufe ba, suna waƙa, suna ba'a, suna roƙon mutane kada su shiga. Suka yi jerin gwano a Burodwe, mutum wajen 2,000, ruwa na dukansu, waɗanda suka dawo daga yaƙi suna sanye da kayan soja. Masu kantuna da masu gidajen abinci na unguwar, waɗanda cinikinsu dā ma da 'yan wasa ne, suka riƙa ba su bashi sai ran da suka ci nasara.

Na uku, da jawo na ƙasa. A wasannin waƙa akwai 'yan amshi, yawancinsu 'yan mata, masu rawa a bayan tauraro. Su ne suka fi kowa shan wuya, su ne kuma aka fi rainawa. Cikin makon farko aka kafa musu tasu ƙungiya, Marie Dressler ta shugabance ta. Ita babbar tauraruwa ce, amma da amshi ta fara, ba ta manta ba.

Na huɗu, wanda ya fi duka, da mutanen nan da dā a ke ƙyamar zama da su. A tsakiyar Agusta ma'aikatan bayan labule, watau kafintoci da masu lantarki da masu jan igiya, suka ajiye aiki, makaɗa da mabusa suka bi su. Ba su da wata ƙara tasu a lokacin, sun dai ga gemun ɗan'uwa ya kama wuta. Masu ɗaukar kaya suka ƙi ɗauka, masu manna takardun talla a bango suka ƙi mannawa. Manaja ya iya samo sabon ɗan wasa, amma ina amfaninsa in ba mai kunna fitila, ba mai ɗaga labule? Yaji ya bazu zuwa Shikago da Boston da Washinton. A ƙarshen wata gidan Hippodrome, wanda ya fi ko wane gida girma a Niyu Yok, yana cin mutum wajen 5,000, shi ma ya yi duhu.

Biko

Watan Satumba shi ne farkon kakar wasa, lokacin da a ke buɗe sababbin wasanni. Manajoji suka ga kaka za ta wuce su, ga hayar gidaje na bin su. Marubutan wasa su ma sun matsu, don rabonsu daga kuɗin ƙofa ya ke fitowa. Sa'an nan ma'aikatan bayan labule suka nuna za su janye mutanensu daga gidajen Shubert ko'ina cikin ƙasar. Sai wani marubuci mai mutunci a idon kowa, Augustus Thomas, ya zaunad da ɓangarorin biyu a Otal St. Regis. Aka yi ta ja har tsakar dare ya wuce, kafin asubar 6 ga Satumba aka sa hannu.

Yarjejeniyar ta shekara 5 ce. Manajoji sun amince da Ekwiti ita ce bakin mutanenta. Wasa takwas ne a mako, abin da ya ɗaru a biya. Gwajin da ba lada kada ya wuce mako huɗu, in wasan waƙa ne mako biyar. 'Yan amshi kada a ba su ƙasa da dala 30 a mako a Niyu Yok, 35 in ana tafiya, manaja kuma shi zai saya musu kayan wasa har takalma. In gardama ta tashi a kai ta gaban masu sulhu. Aka janye ƙararraki, aka yi alkawari ba za a hana kowa aiki don ya yi yaji ba.

Da aka yi lissafi, yajin ya kai kwana 30, ya taɓa birane 8, ya rufe wasa 37, ya hana 16 buɗewa, hasara ta kai wajen dala miliyan 3. Ƙungiya kuwa ta tashi daga mutum 2,700 zuwa wajen 14,000, baitulmalinta ya kai dala 120,000. Cikin 'yan kwanaki fitilun Burodwe suka sake kamawa.

Bayan Komawa

Amma sa hannu a takarda ba ya wanke zuciya. Wanda ya yi yaji da wanda ya ƙi, ga su a dakali guda, wani ma zai rungumi wani yana kiransa ɗan'uwa don haka wasan ya ce, in labule ya sauka kowa ya kama gabansa. Yarjejeniyar ba ta tilasta wa kowa shiga Ekwiti ba. Sai cikin 1924 aka ƙulla da gidan Shubert da waɗansu cewa cikin ko wane 'yan wasa goma, takwas su zama 'yan ƙungiya.

Waɗanda suka tsaya a gaba su suka biya bashin. Ba a rubuta sunansu a ko wace takarda ba, sai dai manaja ya ce ba gurbi. Ed Wynn da ya ga ƙofofi sun rufe, ya tattara abin da ya ke da shi ya shirya wasan kansa cikin 1920, ya kuwa karɓu. Marie Dressler ta fi shan wuya. Aiki ya yi ta ja mata baya, ga shekaru sun tura, har ta kusa rasa abin kai wa baka. Sai da sinima ta fara magana aka sake nemanta, cikin 1931 ta karɓi lambar Oscar tana da shekara sittin da 'yan kai, ta rasu 1934. Frank Bacon ya koma wasansa, aka nuna shi sau 1,291 a jere, abin da ba a taɓa yi ba a Burodwe kafin nan. Ran da zai tashi zuwa Shikago cikin 1921, 'yan'uwansa 'yan wasa suka raka shi tashar jirgi da kaɗe-kaɗe. A can ya rasu cikin 1922.

Cohan bai tuƙa na'urar hawa bene ba. Ya rabu da Sam Harris, ya ci gaba da wasa, amma har ya rasu cikin 1942 bai shiga Ekwiti ba, ita kuma ta ƙyale shi bai rasa dakali ba. Cikin 1959 aka kafa gunkinsa a tsakiyar unguwar gidajen wasa.

Sauran buƙatu a hankali suka zo. Mafi ƙarancin albashi ga dukan 'yan wasa sai 1933, kuɗin gwaji sai 1935. Fensho kuwa sai da aka sake rufe Burodwe cikin Yuni 1960 sa'an nan aka samu.

Mai karatu ya lura, mutanen nan suna da murya, suna da suna, jama'a na son su, amma shekara shida ƙungiyarsu na roƙo ba ta sami kome ba sai takarda. Ran da tauraruwa ta tsaya kusa da 'yar amshi, su biyu kuma suka miƙa wa mai jan igiya hannu, cikin wata guda aka zo biko. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko da hannun nan na sanye da zoben zinariya.